Jirgin Da Ake Ɗura Wa Ruwa Da Gangan

Tun da na dawo Yawuri ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Duk wadda ta zo barka da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "Hajiya Kulu, yaya Amurka?" Na faɗa wa ta farko, na faɗa wa ta goma, bakina ya gaji. Malama Hadiza, wadda ta koya mana karatu a ajin manya, ita ta ce, "Hajiya, mene ne amfanin biron da na ba ki? Rubuta musu." To ga shi na rubuta. Wadda ta iya ta karanta, wadda ta gudu daga aji tun a sati na biyu ta nemi mai karanta mata. Kuma ku sani, ba kallon benaye ya kai ni ba. Ɗana Sani na je gani, shekara goma sha ɗaya rabona da shi.

Saboda baƙin da ke cikinku sai na fara da abin da tsofaffin gari suka sani. Ubana mai jirgi ne, a cikin jirginsa na girma ina kwarfar ruwa da ƙoƙo. Mijina Malam Garba ruwa ne ya ci shi, shekara goma sha tara ke nan. Ranar kasuwa ce, aka jibga wa jirgi buhunan hatsi, aka ɗora babura a sama, aka zuba mutane a kan baburan. Ina tsaye a gaɓa na ga bakin jirgin da ruwa bai fi tafin hannu ba. Na yi magana, aka ce mace ce. Ba su kai tsakiya ba iska ta taso. Ranar sadakar bakwai na kira Sani, yana da shekara goma sha shida, na sa ya rantse da Allah ba zai sake taka jirgin ruwa ba muddin ina numfashi. Ya rantse. Na tura shi Kano koyon kanikanci, daga can Allah ya kai shi New York. Duk shekarun nan in na tambaye shi aiki sai ya ce, "Gyaran inji, Inna." Ni kuwa na ɗauka na mota ne. Ni ma tun ranar ban sake zuwa tashar jirgi ba, ko kifi aike nake yi.

Na tashi daga nan da safe a motar Kwantagora, daga can zuwa Abuja. Direban motar Abuja ya saka mu huɗu a baya, ya ɗaure buhunan albasa duk a gefe ɗaya, mota na tafiya a karkace kamar mai ciwon ƙugu. Na ce ya tsaya ya raba kayan. Ya ce, "Hajiya, ke ce direba?" Na ce, "Ni ce mai rai ɗaya." Sai da taya ta fashe bayan Tegina ya raba su, bai kuma kalle ni ba har muka isa.

Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa. Zama ne, da ƙafa ta kumbura, da abinci a ɗan akwati wanda ko jinjiri ba zai ƙoshi ba. Mun sauka wata ƙasa mun canza jirgi, ban ga komai nata ba sai banɗaki.

A filin jirgin New York ina fitowa na ga wani mutum riƙe da keken guragu da takarda mai sunana. Na karanta da kaina: Kulu Garba. Ashe Sani ne ya sa a tare ni da keke don kada in ɓata. Na ce ƙafata ƙalau take. Sai mutumin ya yi dariya ya ce da Hausa, "Mma, zauna kawai, nan wurin tafiya na da yawa." Mutumin Kumasi ne. Na ƙi zama ƙememe. Aka ƙare jakata ce ta hau keken, ni da shi muna tafe a ƙasa.

Shi ya yi mini tafinta wajen jami'in shige da fice. Ku da muka yi aji ɗaya kun san dalilin da ya sa na shiga makaranta ina da shekara hamsin da biyu: na gaji da dangwala yatsa a takarda kamar ɓarauniya. Na shirya birona tsaf zan sa hannu a gaban Bature. Sai ya nuna mini gilashi ya ce in ɗora yatsu. Ba ɗaya ba, duka. Na ce wa mutumin Kumasi, "Gaya masa na iya rubutu." Ya ce, "Mma, ko farfesa ne sai ya dangwala." A wajen kaya kuma wani kare ya zo ya zauna kusa da jakata kamar ya san ni. Suka buɗe, suka ɗauke kilishin da na sayo wa Sani, suka ce nama ba ya shiga. Busasshen kifi da daddawa suka shinshina, suka yamutsa fuska, suka mayar mini.

Sani na tsaye a waje. Ya yi ƙiba, furfura ta fara masa a gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar mutane, na ji daɗin wannan. Amma a mota daga "ya hanya" sai "ya mutanen gida", shi ke nan magana ta ƙare. Muka hau wata doguwar gada, ruwa shimfiɗe a ƙasa, na rufe ido. Da na buɗe na ga yana kallon ruwan ta gefen ido, irin kallon da mutum ke yi wa wanda ya sani.

Gidansu na hawa na biyar a unguwar Bronx, kusa da wani dogon titi da ake kira Grand Concourse. Ɗaki biyu da falo. Matarsa Rabi 'yar zangon Gana ce, yarinyar kirki, tana aikin kula da tsofaffi. Ta bar tsohuwa a gida ta tafi kula da tsohuwar wasu, haka rayuwar can take, ban ga laifinta ba. Jikokina mata biyu suna jin Hausa sarai amma da Turanci suke amsawa. In na ce, "Zo ki ci tuwo," sai in ji wani abu ta hanci, an wuce. Ƙarfe bakwai na safe kowa ya watse. A kulle ƙofa da makulli uku, a bar ni da na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani a taga.

Wata uku na yi, kuma in gaya muku gaskiya, yawancinsa a bakin tagar nan na yi shi. A nan gida ko kin ƙi mutane sai sun shigo aron turmi. Can kuwa ƙofarki na kallon ƙofar wani, ku haɗu a lif, ɗan ɗakin da ke hawa bene da mutane, ku tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon lamba. Na gaida wata mata kwana uku a jere, ran na huɗu ta canza hanya. Na ƙirga tagogin gidan da ke fuskantarmu, na san wadda ke shanya tawul ja, na san tsohon da ke ba tantabaru burodi. Babu wanda ya san ni. Har magana na fara yi da tukunya.

Abinci kuwa, Rabi ranar Lahadi take dafa na sati, ta jera a firiji cikin robobi. Shinkafa da wake irin nasu mai ja, da wani baƙin yaji mai kifi, wannan na yaba. Amma miyar Lahadi a sha ta Alhamis, ban saba ba har na taho. Yaran sun kawo mini wani faifan burodi mai cuku yana ja kamar ƙaro, na ci don kada su ji kunya. Ranar da na kaɗa miyar kuka da daddawata, wani abu a silin ya kama ihu, maƙwabta suka buga bango. Rabi ta ce hayaƙi yake ji. Na ce to a ƙasar nan har silin na da ra'ayi a kan girki.

Don kada in haukace na karɓi wanki. Injin wankin na can ƙarƙashin gidan, Rabi ta nuna mini maɓallan, na rubuta a takarda. A wankin nan asirin Sani ya tonu. Na san warin kayan makaniki, baƙin mai ne da fetur. Kayan Sani akwai wannan, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari da hancina ya sani tun ban iya magana ba: gansakuka, laka, igiya da ta jiƙe ta bushe. Ƙafar wandonsa na da farin zane inda ruwa ya tsaya. Na riƙe wandon na zauna a kan benci. Sai ga wata mata 'yar Dosso da muke gaisawa a wurin, ita kaɗai ce ke amsa mini sallama a gidan. Ta ce, "Hajiya, ai ɗanki hannu gare shi. Maigidana ya ce duk masu jirgin ruwan tsibirin can shi suke nema." Ta ci gaba da ninke kayanta, ba ta san ta soke ni ba.

Da safe Sani na shan shayi na ajiye masa wandon a kan tebur. Na ce, "Injin me kake gyarawa?"

Ya ajiye kofi. Rabi ta ja yaran suka shige ɗaki.

"Inna..."

"Kana shiga ko ba ka shiga?"

"Ina shiga."

"Tun yaushe?"

"Shekara tara."

Shekara tara ina yi masa addu'a a kan titi, ashe a kan ruwa yake. Ban yi kuka ba, kun san ni. Na ce, "Ka kai ni in gani. In na gani zan san ko ina da ɗa a ƙasar nan ko in tattara kayana." Abin da ke raina ke nan: ko ya bar aikin, ko in taho ban sa masa albarka ba.

Ranar Asabar muka tafi. Wurin wani ɗan tsibiri ne a ƙarshen Bronx, ana kiransa City Island, titi ɗaya ne dogo da gidajen cin kifi da wuraren gyaran jirage. Ba za ki ce cikin New York kike ba. Maigidan Sani wani tsohon Bature ne mai jan wuya, ya cire hula ya gaishe ni, ya yi wata doguwar magana yana dafa kafaɗar Sani. Na ce me ya ce. Sani ya ce, "Cewa ya yi kin iya tarbiyya." Na ce, "Gaya masa ban gama ba."

Jirgin da yake aiki a kai na kan tirela a cikin rumfa. Fari da shuɗi, kujeru masu laushi kamar falon gwamna, tsawonsa bai kai rabin jirgin kasuwarmu ba. Ba ya ɗaukar kaya, ba ya kamun kifi, ba ya ƙetarar da kowa. Na wasa ne. Sani ya yi mini bayani yana kallon ƙasa. Wai jirgin zai riƙa tafiya a hankali yana tayar da igiyar ruwa a bayansa, mutum ya tsaya a kan wani allo ya hau igiyar yana bin jirgi. In ana son igiyar ta yi girma, dole jirgi ya yi nauyi ya nutsa cikin ruwa sosai. Mai jirgin, wata likitar haƙori, ta ce igiyarta ta yi ƙanƙanta, tankunan da aka ƙera jirgin da su ba su isa ba. Shi ne aka ba Sani aikin ƙara masa nauyi. Balas suke kiran nauyin.

Na ce, "Da me za ka ƙara?"

Ya ce, "Da ruwa."

Ya ɗaga murfi biyu a baya, hagu da daman inji, ga wasu manyan buhunan roba baƙaƙe a kwance kamar salka. Akwai wani a ƙarƙashin kujera, akwai ƙarami a goshin jirgi. Kowanne da tiyo da famfonsa, in an danna maɓalli ya zuƙo ruwa ya cika, in an mayar ya zubar. Ga kuma wasu ƙananan buhuna na dalma, ɗaya bai fi bulo girma ba amma da ƙyar na ɗaga shi, da su ake daidaita abin da ya rage. Ina cikin kallo ya shiga ƙarƙashin jirgin da injin huda, ya huda cikinsa. Rami sosai, na ga haske ta ciki.

Jama'a, ni da na yi ƙuruciyata ina fitar da ruwa daga jirgi da ƙoƙo har hannuna ya yi kanta. Ubana in ya ga tsaga kamar gashi sai ya kwana biyu yana cusa tsumma da kwalta. Yau ga jikansa yana huda jirgi da hannunsa don ruwa ya shigo, a nutsar da shi da gangan, a tayar da igiyar da mu muke roƙon Allah ya kwantar. Na ce, "Nauyi ne ya kashe ubanka. Kai kuma shi kake sayarwa." Na fita na zauna a mota. Bai biyo ni ba sai da ya gama ɗaure bakin ramin.

Sati guda ba mu yi magana ba bayan gaisuwa. Shi ne sati mafi tsawo a rayuwata. Na ninke kayana na zuba a jaka, na fito da su, na sake zubawa. Rabi ta same ni a taga ta ce, "Mma, wallahi kowace shekara yana cewa zai faɗa miki. Tsoro yake ji." Na ce, "Tsorona yake ji bai ji tsoron rantsuwa ba?" Daga baya ta ce ranar Asabar za a gwada jirgin a ruwa.

Asabar da safe Sani ya fito ya same ni a bakin ƙofa da mayafina. Na ce, "In ruwan zai ci ka, ya haɗa da ni. Na gaji da tsayawa a gaɓa."

Mun tarar da likitar tana jira. Mace ce sa'ata, siririya kamar sanda, gashi fari fat, sanye da wani matsattsen baƙin kaya. Ni a shekarun nan tashi daga tabarma sai da dabara, ita za ta hau ruwa. Sani ya ce doka ta ce in ana jan mutum dole a samu wani a jirgi yana kallonsa, wanda zai yi hakan kuma bai zo ba, don haka zuwana ya yi rana. Ya ɗaura mini rigar ruwa mai hana nutsewa a kan atamfata, ya ja maɗaurin da kansa. Rabon da hannunsa ya taɓa ni tun yana yaro.

Kafin in sa ƙafa na ga wani ɗan allo rawaya kusa da sitiyari. Turancin ban iya ba, amma lamba ko ta wace ƙasa ce na iya ta. Na ce mene ne wannan. Ya ce iyakar mutane da iyakar nauyin da jirgin zai ɗauka. Na ce, "To ƙirga mini." Sai ya zaro takarda daga aljihu, ashe ya riga ya rubuta. Buhun hagu, buhun dama, na ƙarƙashin kujera, na goshi, dalma, kaya, mutanen da likitar ta saba ɗauka. Na bi lambobin da yatsa na haɗa da kaina yadda Malama ta koya mana, na ajiye, na ɗauko. Jimlar ba ta kai ta allon ba, da saura.

Likitar ta yi magana tana nuna wani kwali a kan gadar katakon da aka ɗaure jirgin. Sani ya girgiza kai. Ta sake yi, ya sake girgizawa, murya a ƙasa amma ba wasa. Na ce me take so. Ya ce wani ƙaton buhu ta sayo tana so a ƙara, ya ce mata in aka sa shi kuma ƙawayenta suka shiga an wuce iyaka, shi ba zai ɗaura ba, in ta matsa ta kai wani wuri. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Inna, ni ma ina gaɓar ranar nan. Ina bayanki. Na ga bakin jirgin. Shekara tara ban taɓa ƙara wa jirgin kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba."

Ban san yana wurin ba. Wallahi shekara goma sha tara ban sani ba. Na shiga jirgin.

Muka fita inda ruwa ya buɗe. Ya danna maɓallai, famfo suka kama kuka, na ji jirgin na sauka a ƙarƙashina a hankali. Da buhu ya cika sai ruwa ya tsarto ta wani ɗan rami a gefe, ya kashe. Ya cika na hagu fam, na dama ya bar shi rabi, saboda ta hagu likitar ke hawa, ana so jirgin ya kwanta ta can. Ya zaunar da ni a hagu ta baya, ya ce in sa mata ido, in ta faɗi in yi magana. Ta shiga ruwa da allonta da igiya a hannu, ya ja.

Jirgin ya karkata. Ruwa ya matso kusa da gwiwar hannuna. Ban yi shawara da kowa ba, jikina ne ya tashi ya koma dama. Duk wanda aka haifa a bakin kogi haka zai yi, in jirgi ya kwanta hagu ka koma dama. Kuma kun san ni ba ƙaramar mace ba ce. Jirgi ya miƙe, igiyar ta rushe ta zama kumfa, likita ta faɗa ruwa. Na ce, "Ta faɗi!" Ya juyo ya ɗauke ta. Kafin ya waiwayo na koma mazaunina don in ga ta kama igiyar da ake jan ta. Aka sake ja, na sake komawa dama, ta sake faɗuwa. Sani ya buɗe murfi yana taɓa buhu, yana duba tiyo, gumi na zuba, yana cewa lissafinsa daidai ne, me ya faru. A karo na uku ya kama ni a madubi ina tsakiyar ƙaura.

"Inna! Ke ce!"

"Ni ce me? Jirgi zai kife ina zaune?"

Ya kashe inji ya kifa kai a sitiyari yana dariya har da hawaye. Ya faɗa wa likitar, ita ma tana cikin ruwa tana ƙyaƙyatawa. Tun da na sauka ƙasar ban ji dariyarsa ba. Irin ta ubansa ce sak. Ya ce, "Inna, ke ma cikin lissafin kike. Na rubuta ki a hagu. Don Allah ki zauna inda na ajiye ki."

Na zauna. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu, ina karanta duk abin da na haddace, ruwa na gudu dab da ni. Abu mafi wuya da na taɓa yi ke nan, in ga jirgi ya kwanta in bar shi. Igiyar ta tashi, ta yi tsawo ƙwarai, amma gajeriya ce mai tsini, likitar na hawa tana zamewa baya. Na lura Sani sai ya miƙe tsaye yake ganin gabansa. Na dubi goshin jirgin, yana kallon sama.

Na ce, "Kai, goshinka ya ɗaga. Duk ka tara nauyi a gindi. Kakanka ba ya barin gaɓa sai ya ga goshi ya sauko ya kama ruwa."

Ya ce na goshin a cike yake. Na ce to ɗebo daga baya ka kai gaba, ba ƙari na ce ba. Ya tsaya, ya ɗauki buhun dalma biyu daga bayan inji ya kai gaba. Na ce, "Can ƙurya." Ya tura. Na ce, "Ɗaya ya matso hagu kaɗan." Ya matsar. Na ce, "Ja mu gani."

Goshi ya sauko. Igiyar ta ɗan rage tsawo amma ta miƙe ta yi dogon baya, sumul, ba kumfa. Likitar ta hau, ta yi gaba ta yi baya, sai kawai ta jefo igiyar hannunta cikin jirgi. Ba abin da ke riƙe da ita, ruwa kaɗai ke tura ta, tana bin mu tana ihu kamar yarinya. Na dubi matar nan na ce a raina, ke ruwa bai taɓa karɓar miki kowa ba. Ban ji haushinta ba. Kusan awa guda muka yi, kuma a wata ukun nan ita ce awar da ɗana ya yi ta yi mini magana da Hausa ba tsayawa: Inna matsa gaba kaɗan, Inna ya kika gani, Inna a ƙara ko ya isa.

Da muka dawo ya zubar da ruwan buhunan, ya tsaya yana wanke inji da ruwan famfo saboda ruwan can na gishiri ne. Na tsaya a kansa. Na ce, "Rantsuwar nan ni na sa ka, kana yaro, ina cikin zafi. Na janye. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a kan ruwa." Ya saki tiyon ya durƙusa a jiƙaƙƙen siminti ya kama ƙafata. Na ce, "Tashi, Bature na kallo. Kuma kaffara tana nan, ba ni na yafe ta ba." Limamin masallacinsu ya ce ciyar da mabuƙata goma ne, a kansa take, amma zai iya wakilta ni. Ya wakilta ni.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya canza. Litinin kowa ya watse ƙarfe bakwai, na koma tagata da tsohon tantabaru. Sai dai in ya dawo da yamma yakan zauna ya gaya mini jirgin da ya taɓa yau. Ranar tahowa ya sa mini rigar ruwan nan a jaka. Kare bai kula ta ba.

Sati biyu da dawowata na dafa shinkafa da miyar kifi, na sa aka ɗaukar mini zuwa tashar jirgi. Waɗanda suka gan ni a hanya suka yi ta mamaki, to dalilin ke nan. Na zaɓi mutum goma cikin masu dako da tsofaffin da ke zaune a gindin bishiya, na zuba musu da hannuna har suka ƙoshi. Ina rufe kula na ga ana lodin jirgin ƙetare, buhu kan buhu, ana shirin ɗora babur. Na je na tsaya a kan igiyar da aka ɗaure shi. Na ce a sauke buhu huɗu. Mai jirgin ya ce, "Hajiya, wa ya sa ki?" Na ce, "Ba wanda ya sa ni. Kuma ba zan ɗaga ƙafata ba." Aka yi ta surutu, wani ya ce rigimar tsufa ce. Suka sauke uku, suka fasa ɗora babur ɗin. Na tsaya a gaɓa har na ga sun taɓa wancan gefe, sannan na taho gida ni kaɗai.

Rigar tana rataye a ƙusa a ɗakina, duk mai ƙetarawa ta zo ta ara, amma ta dawo mini da ita. Sani na kira ranar Lahadi, wani lokaci ina jin kukan famfo a bayansa. Ba na tambayarsa yaushe zai dawo gida, na ga inda ya zauna, na san amsar. Tambayata ɗaya ce kafin mu yi sallama: "Ka ƙirga nauyin?" Ya ce, "Na ƙirga, Inna." Sai in kashe wayar in tashi in ɗora tukunyar mutum ɗaya.